Kuɗin korona na Kawu: yadda ya ci bashi bai san ya ci ba

A watan Fabrairun 2023, lokacin nan da takardar kuɗi ta yi ɓatan dabo saboda canjin naira, Kawu ya sai da shanshera buhu goma sha biyu. Mai sayen ya rantse ba shi da tsaba ko ta ƙwabo sai dai tiransifa, shi kuma Kawu tunda yake bai taɓa yarda da kuɗin da bai ƙirga da yatsunshi ba, amma gida babu cefane, dole ya bada lambar akawun. Alat ya shigo da hantsi. Kafin la'asar wani alat ɗin ya sake shigowa, sai dai shi wannan na fita ne, kusan rabin kuɗin sun tafi.

Ranar Juma'a da na je gida ko takalmi ban cire ba ya miƙo min wayar. Ya ce "ɗana diba min wanga abu, mai POS ya ce kuɗɗina sun ragu, ni ko ban ciri ko sisi ba." Na karanta saƙon sau biyu, na ce Kawu an rubuta biyan bashi ne. Ya kalle ni kamar na zage shi. "Bashin wa? Ni ban ci bashin kowa ba." Na ce na korona. Ya ce "a'a, wancan ai kyauta ta, gwamnati ta ba mu."

Ni malamin firamare ne a Argungu, ƙauyenmu na bakin fadama ne ba nisa sosai, kuma ni ne mai karanta ma gidanmu duk saƙon da ya shigo da Turanci. Shi ya sa na bi lamarin nan tun daga tushe, har da wurin da ni kaina na yi sake, zan faɗe shi in mun kai nan.

Mu koma 2020. Ranar 27 ga Fabrairu anka tabbatar da mutum na farko mai korona a Legas, amma mu nan ko a jikinmu, don sati biyu bayan haka anka yi bikin kamun kifi na Argungu wanda an yi kusan shekara goma ba a yi ba, Buhari da kanshi ya zo, Matan Fada ta cika maƙil ba masaka tsinke. Ƙarshen Maris anka kulle Legas da Ogun da Abuja, daga baya anka hana zirga-zirga tsakanin jihohi har sai 1 ga Yuli. Azumi ya kama 24 ga Afrilu, a cikin kullen ke nan. Gaskiya a ƙauyenmu ba mu ga cutar da ido ba, abin da munka gani shi ne hanya. A takarda an ce motar abinci da kayan noma ba a hana ta wucewa ba, amma direba ya san abin da ke jiranshi a kowane shinge don haka kuɗin mota ya hau, masu albasa da tattasai da tumatir su sunka fi ji a jikinsu tunda kayansu ba ya jira. Mai shinkafa da sauƙi, shanshera ba ta ruɓewa kuma boda na rufe tun Agustan 2019 don haka tana da daraja. Matsalar Kawu taki ce. Damina ta ƙarato, kamfa da yuriya sun yi wuya a kasuwa, wanda ke akwai kuma ya yi tsada, sai da ya ɗauki buhu huɗu bashi wurin wani mai shago da alkawarin in an yanka ya biya.

To a daidai nan ne kalmar "tallafi" ta cika gari, kuma a ganina ita ce tushen duk abin da ya biyo baya. Abubuwa ne daban-daban amma suna ɗaya anka raɗa musu. Akwai naira 20,000 da ma'aikatar jin ƙai ta Sadiya Umar Farouq ta riƙa ba gidajen da ke cikin rajistar talakawa, na wata huɗu a dunƙule, wannan kyauta ce tsantsa. Akwai hatsi tan 70,000 da anka ce a fitar daga rumbun gwamnati, shi ma kyauta. Akwai takin gwamnati da anka rage daga 5,500 zuwa 5,000, wannan rangwame ne, in ka same shi. Daga baya akwai yaran N-Power, wato shirin gwamnati na ba matasa aiki, da ke yawo da waya suna ɗaukar suna da hoton gona, ƙarƙashin shirin farfaɗo da tattalin arziki na naira tiriliyan 2.3 da kwamitin Osinbajo ya tsara. Sai kuma wanda ya fi kowane ba mutum ɗaya kuɗi masu yawa, na Babban Bankin Najeriya da anka fara da naira biliyan 50 a watan Maris, wanda magidanci zai iya neman har miliyan 3, da ruwa kashi 5 cikin 100 da farko bisa sharaɗin zai koma 9 daga baya. Shi wannan ko a sunanshi an rubuta bashi ne, ba a ɓoye ba. Amma a bakin mutanen ƙauye duka biyar ɗin sunansu "kuɗin korona", wanda ya ji an ba wata tsohuwa dubu ashirin kyauta a garin gaba, mi zai sa ya zaci nashi daban ne?

(Abin dariya, tallafin da ya kai ga kowa a fadama ba tare da BVN, wato lambar shaidar mai akawun a banki, ko fom ba shi ne fetur da ya sauko daga 145 zuwa 125 a Maris, duk mai injin ban ruwa ya ji daɗin wannan, sai dai bai daɗe ba ya sake hawa.)

Yaron da ya kawo mana fom ɗin na Babban Bankin ɗan wani gari ne kusa da mu, yana da shagon kwamfuta inda ake cike ma ɗalibai rajistar jarrabawa, mun san ubanshi, ba baƙo ba ne. Ya zo da laftof a jaka bayan ƙaramar sallah ya zauna gindin dalbejiya ƙofar gidan mai unguwa, anka shimfiɗa mashi tabarma har da ruwan sanyi. Abin da yake karɓa: BVN, lambar akawun, hoto, da dubu biyu kuɗin data. In kuɗi sun fito kuma akwai kason shi. Mutum 31 sunka bada suna. Wurin lambar waya da imel sai ya sa nashi, ya ce ai dattawa ba su iya duba saƙo ba kar lokaci ya wuce ba su gani ba, kowa ya ce Allah shi yi albarka yaron kirki.

Ina wurin ran nan. Na ga allon laftof ɗin, na ga kalmar bashi da Turanci a saman shafin, na ce mashi kai wannan ba rance ba ne? Ya ce "haba malam, suna ne kawai, wa ka taɓa gani gwamnati ta biyo shi ƙauye? Kuɗin korona ne Turawa sunka turo." Na yi shiru. Wlh na yi shiru, don ni ma a raina na ce ƙila hakan ne, kuma wa zai tsaya gaban dattawa talatin ya ce kar su karɓi tsuntsu daga sama gasashshe. Ban ce ma Kawu komai ba da munka koma gida.

Wani zai ce ai mutanen Kebbi sun san bashin gwamnati, ba a nan Buhari ya ƙaddamar da shirin bashin manoma na Anchor Borrowers a Nuwamban 2015 ba? Haka ne, kuma shi Kawu ya shiga wancan ya biya. Amma duba bambancin. A wancan an haɗa su ƙungiya, an yi taro, an ba su iri da taki da magani, an gaya musu da Hausa cewa in an yanka za su kawo shanshera, akwai shugaban ƙungiya da zai ƙwanƙwasa maka ƙofa. Bashi a wurin manomi abu ne mai fuska, ka san wanda ke binka, ka san ranar biya, kuna haɗuwa a masallaci. Na korona ba shi da fuska. Ba taro, ba shaida, ba wanda ya ce ranar kaza. Takardar amincewa da sharuɗɗa ta je imel ɗin yaron, shi ya latsa "na yarda" a madadin mutum takwas da nasu ya fito cikin 31 ɗin, cikin sharuɗɗan kuwa har da izinin a ciri kuɗi daga duk akawun da ke jingine da BVN ɗinka in ka ƙi biya, ko a wane banki yake. Wannan tsarin Babban Banki ya fara aiki da shi ne 1 ga Agustan 2020, watan da kuɗin Kawu sunka shigo ke nan.

Dubu 350 anka turo mashi. Yaron ya raka shi har wurin cirewa ya karɓi dubu 50 nan take. Lokacin an riga an gama dashe an zuba takin farko, wato kuɗin sun zo bayan wurin da anka fi buƙatar su ya wuce, amma dai ba su rasa wurin zuwa ba. Na zauna da shi bayan abin ya faru munka bi su ɗaya bayan ɗaya, yana tunawa ina rubutawa a bayan littafin darasi. Ya biya mai shago kuɗin takin nan buhu huɗu. Ya sayo yuriya buhu biyu don zubi na biyu. Ya sayi injin ban ruwa na hannu da tiyo wurin wani da ke neman kuɗin asibiti. Ya rage wani abu cikin kayan ɗakin ɗiyarshi da za a aurar bayan kaka. Sauran kuma ya raba: matanshi biyu kowa da nata, innarmu wato yayarshi, liman, wani maƙwabci da nashi bai fito ba, har ni sai da ya damƙa min dubu biyar ya ce in sa mai a mashin.

Wannan rabon shi ya fi tsaya min a rai. Mutum ba ya kashe kyauta yadda yake kashe bashi. Abin da ya faɗo maka daga sama al'ada ta ce ka fitar ma jama'a nasu, in ka ci kai kaɗai a ce kai marowaci ne, kuma Kawu ya yi abin da duk dattijon kirki zai yi. Da na lissafa mashi ya kai kusan dubu saba'in abin da ya tafi a haka, sai ya ce "da na san bashi na, wa ka rabon bashi? Da taki zan saye in aje." Sannan ga maganar ruwa. Kawu mutum ne da ko adashin da ake cire wani abu a kai ba ya shiga, da an ce mashi akwai kashi 5 a sama ko kallon laftof ɗin ba zai yi ba. Wannan ya fi cin ranshi fiye da kuɗin, har sai da ya je ya tambayi malaminsu hukuncin wanda ya shiga bai sani ba.

Bai fi sati biyu da zuba yuriyar nan ba ruwa ya zo. Wanda ya ga ambaliyar 2020 a Kebbi ba ya buƙatar bayani. Ƙarshen Agusta zuwa Satumba gulbin Rima ya cika ya tumbatsa, fadama ta koma kamar teku, inda muke bi da ƙafa sai da kwalekwale. An ruwaito kimanin hekta 450,000 na shinkafa sunka nutse a jihar. Na bi Kawu cikin jirgin wani maƙwabcinmu zuwa wurin gonarshi, muna tafe yana nuna min da baki, nan ne iyakata da wane, can ne tawa ta ƙare, alhali ba abin da ake gani sai ruwa ja da kan wata giginya. Ya sa gora ya taɓo ƙasa ya ciro, ga ganyen shinkafa ya naɗe a jiki ya riga ya yi yauƙi yana wari. Shinkafar ta fara ciki. Bai ce komai ba, ya wanke gorar munka juyo.

Kar in yi rashin adalci, kuɗin nan sun yi rana a wuri ɗaya. Injin nan shi ya tashi gidan. Da ruwa ya janye ya shiga noman rani da wuri ba tare da hayar inji ba, har yana ba wasu haya, shinkafar da ya yanka a 2021 ita ta riƙe su. Don haka in an tambaye ni ko shirin ya amfani manomi, ba zan ce a'a kai tsaye ba. Inji da taki sun yi aiki. Abin da bai yi aiki ba shi ne duk abin da ke tsakanin Abuja da gindin dalbejiyar nan.

Ka duba waɗanda nasu ya fito. Cikin takwas ɗin biyu ko kadada ba su nomawa, ɗaya mai shagon caji ne ɗaya ɗan kabukabu, ba laifinsu ba ne don shirin bai ce sai manomi ba, amma a ƙauye an tallata shi ne da sunan tallafin manoma. Ita kuwa wata gwaggonmu da mijinta ya rasu ya bar mata gona da marayu biyar, wadda ita ce in da ana auna buƙata za a fara kira, ko cikin 31 ɗin ba ta shiga ba don ba ta da akawun balle BVN, kuma ba za ta je ta zauna cikin maza ƙofar gidan mai unguwa ba. Lokacin ta yi ta ƙorafi. Yanzu in anka taɓo zancen dariya take yi, ta ce ita dai ba mai binta.

Na ɗan karanta yadda anka yi a Amurka a shekarar, don kwatance. A Afrilun 2020 ma'aikatar noma ta can ta sanar da dala biliyan 19, biliyan 16 a ciki kuɗi ne kai tsaye ga manoma, ba bashi ba, sannan a Satumba anka ƙara wani zagaye na kusan biliyan 14. Manomi zai je ofishin noma na yankinsu ya bayyana abin da ya noma ko dabbobin da yake da su, a lissafa mashi bisa wannan, da iyakar dala 250,000 ga mutum ɗaya. Su ma an yi ta sukar cewa manyan gonaki ne sunka kwashi kaso mafi tsoka, tunda mai yawa shi ke samun mai yawa. Amma ko ba komai akwai ofis a kusa da ya san wane manomi ne, ya san gonarshi. Mu a nan BVN ta san fuskar Kawu da yatsunshi goma, ba ta san yana da gona ba, ba ta san ruwa ya ci ta ba.

Ranar Litinin na ɗauki uzuri a makaranta munka tafi bankin da ya bada bashin a Birnin Kebbi. Layi har waje saboda rikicin kuɗin nan, sai bayan azahar munka samu ganin wata ma'aikaciya, kuma gaskiya ta yi mana mutunci, ta juyo da kwamfutar tana nuna min. Ga sunan Kawu, ga hotonshi da hular nan tashi, ga dubu 350 cif ba 300 da ya riƙe a hannu ba, ga ruwan da ya taru, ga ranar da anka amince da sharuɗɗa. Ta ce an yi ta tura saƙon tunatarwa. Na duba lambar da ake tura mawa, ta yaron ce. Kawu ya ce mata "ɗiyata, ni ban sa hannu ga komi ba." Ta ce "Baba na yarda da ku, amma a wurinmu an sa." Na tambaya ko ana duba waɗanda ambaliya ta shafa, ta ce ita dai abin da ke gabanta shi ne a rarraba mashi biyan kaɗan-kaɗan, ta kuma canza lambar waya zuwa tashi. Haka anka yi.

Yaron kuwa ya rufe shago tun 2021, an ce yana Abuja, layinshi ba ya shiga. Dattawa sun je wurin ubanshi, tsohon ya yi ta ba da haƙuri har da hawaye, ya ce shi ko sisi bai gani ba. Wasu sun so a kai magana wurin uban ƙasa, Kawu ya ce a bari, in an kai mi za a ce, ai ba da bindiga ya karɓi BVN ɗin ba. Cikin takwas ɗin, uku sun ji abin da ya faru da Kawu sunka kwashe ɗan abin da ke akawun ɗinsu a ranar, har yau ba su sake saka ko naira ba.

Shi Kawu yana biya, in ya sai da amfani sai ya ware ya ba ni in kai da hannuna in kawo mashi rasit, yana tara su cikin gwangwanin madara. Ya ce ba zai mutu da shi a wuya ba. Amma ya daina karɓar tiransifa kwata-kwata. Masu saye da yawa yanzu ta waya suke biya, musamman masu kai ma manyan injinan casa na Argungu da Birnin Kebbi, don haka shi sai dai ya sai da ma dillalin da ke yawo da tsaba, shi ko dillali ya san halin da ake ciki sai ya karya farashi. Duk buhu akwai abin da yake asara, na gwada lissafa mashi na kaka biyu na nuna mashi ya ce in rufe littafin.

Daga baya wani shirin ya zo, NG-CARES, wanda Bankin Duniya ya amince ma dala miliyan 750 a Disamban 2020, ɓangaren manoma ta hannun ofishin shirin noma na Fadama yake bi, kuma su kayan aiki suke bayarwa, iri da taki da irin su injin feshi. Wannan karon na yi abin da ban yi ba a 2020, na tsare jami'in da tambayoyi gaban kowa har ya fara jin haushi, ya maimaita sau uku da Hausa cewa ba bashi ba ne. Na je na samu Kawu yana gyaran tiyo a zaure na ce Kawu wannan na bincika, ku bada suna. Ya ce "wancan ma ai kana wurin." Ban samu abin cewa ba. Da anka kawo kayan, maƙwabcinshi ya samu taki buhu biyu da injin feshi sabo a leda, ya biyo ta ƙofar gidanmu da su a kan mashin. Kawu ya yi mashi barka, ya taɓa ledar, sannan ya tambaye shi ko ranar Laraba zai ba shi aron injin.